Me ke kunnenku yau? Kowa ya faɗi gaskiya

Tela Mai Zare: Salamu alaikum jama'ar gida. Yau zauren nan yayi tsit kamar anyi ruwa an ɗauke, to bari in tayar da ku. Kowa ya faɗi waƙar da ke kunnensa a satin nan, amma dan Allah banda ƙarya, kar mutum yana can yana jin Gwanja yazo nan yace mana Narambaɗa yake saurare. Ni dai tun safe Ɗan Maraya Jos ne a shago, babu wuta, keken ƙafa nake takawa, kuntigin nan yana tafiya daidai da takun keken wallahi har na manta ban karya ba.

Auta: Wa alaikumus salam Yaya Tela. To ni dai bazan ɓoye ba, Gwanjan ne 😂 Warr tun 2022 taƙi fita daga wayata

Maman Biyu: Auta Allah ya shirye ka. Ni Barmani Choge ce, da ita nake wanke-wanke da ita nake shara, yaran har sun haddace amshin

Direban Tirela: Shata. Daga Kano har Legas Shata, daga Legas har Kano Shata. Yaron motata ya gaji yace Oga dan Allah a canza ko sau ɗaya, nace ranar da ka sayi taka motar ka saka abin da kake so.

Auta: Oga Direba ba ka gajiya ne? kiɗa ɗaya fa, kalangu tun daga farko har ƙarshe, ni minti biyar nake yi barci ya ɗauke ni

Direban Tirela: Ai shi yasa ba kai ke tuƙi ba. Yaro, ni Shata ne ke hana ni barci. Ka bar Tegina da dare ka nufi Mokwa, hanya duk rami, ba kowa sai kai da fitilarka, abin da kake buƙata mutum ne mai yi maka magana, ba mai yi maka kuka akan budurwa ta gudu ba. Shata hira yake yi da kai. Yanzu yana yabon wani attajiri, anjima ya zagi marowaci, can ya lissafo maka garuruwa ɗaya bayan ɗaya kamar shima direba ne, kana ji kana cewa a nan na taɓa kwana, a nan taya ta taɓa fashe min. Bakandamiya kaɗai in na saka ta sai naci tafiya mai nisa ban sani ba, kuma iri-iri ce, wadda ke wayata daban wadda ke memorin mota daban, don duk inda ya rera ta sai ya ƙara wani abu.

Malamin Firamare: Wannan magana ta ƙarshe ita ce asalin zancen. Su makaɗan nan ba rubutawa suke ba, gindin waƙar ne kawai a tsaye, wato amshin, sauran ɗiyan kuwa a wurin ake ƙera su gwargwadon wanda ke zaune da abin da ya bayar. Shi yasa in wani yace maka ya haddace Bakandamiya sai ka tambaye shi wacce. Shata fa, mutumin da har saukar kumbon Apollo 11 a wata ya yi wa waƙa, Jami'ar Ahmadu Bello ta bashi digirin girmamawa a 1988, ya rasu 1999 aka kai shi Daura. Shekara ashirin da wani abu kenan amma ga direba yana tafiya da shi Legas.

Auta: Malam ya fara lakca 🙆🏾‍♂️ tambaya fa akayi me kake ji

Malamin Firamare: Haruna Uji nake ji, ƙanena. Gurmi. In na gama duba littattafan yara da daddare.

Maman Biyu: Su Malam ashe ana taɓa soyayya 😄

Malamin Firamare: Hajiya rufa min asiri, uwargida na cikin zauren nan.

Basakkwace: Ku dai kuna ta zancen Shata, ni ban ƙi shi ba, amma in ana batun waƙa a aje kalangu a ɗauko kotso. Narambaɗa ni ka saurare wanga mako, Dokin Iska, na maimaita ta ta fi sau ashirin. Mutum ya wasa doki har ka ji kamar kai aka sukuwa da kai. Kuma ku lura da 'yan amshinai, ba maimaitawa kawai su kai ba, shi ya ɗauko magana ya aje ta tsakiya su ƙarasa mai, wani lokaci ba ka gane inda nashi ya ƙare nasu ya fara. Haka Ɗanƙwairo da ɗiyanai. Wanga abu ba a koyon shi wata ukku cikin situdiyo, tun suna ƙanana suka bin uban har muryoyin su zan ɗaya.

Auta: Baba ni fa matsalata da waɗannan bana gane rabin abin da suke faɗa. Hausar tayi min tsauri, ga rikodin ɗin yana shuuu kamar ana soya ƙosai

Basakkwace: Hausar ba ta yi tsauri ba ɗana, taku ce ta yi laushi.

'Yar Zariya: 😂😂 Baba ya gama da kai Auta. Amma tsakani da Allah bari in tsaya ma Auta kaɗan. Duk lokacin da akayi irin wannan hira sai a mayar da ita tsofaffi sun iya yara basu iya ba, alhali ba aiki ɗaya sukeyi ba. Narambaɗa makaɗin fada ne, Sarkin Gobir na Isa yake wa waƙa, yana da uban gida da zai bashi doki da riga da hatsi. Yaron da ke Kaduna ko Kano yau wa zai bashi doki? Dole yayi abin da za'a saka a biki, abin da 'yan mata zasu hau a TikTok, in ba haka ba ya kwana da yunwa. Kuma a cikinsu akwai masu kalmomi, ku saurari Nura M. Inuwa da kunnen basira ku gani, ko Aminu Ala in yana jero baitoci, wannan ai rubutacciyar waƙa ce aka ɗora wa fiyano. Ni satin nan Umar M. Shareef nake ji kuma ban ga wanda zai sa inji kunya ba.

Tela Mai Zare: Anti ba wanda yace kiji kunya. Nima yaran shago in na fita sallah kafin in dawo sun canza zuwa Hamisu Breaker, kuma ina dawowa bana kashewa nan take, sai na bari ta ƙare 😅

Maman Biyu: Jaruma, waƙar Breaker ɗin nan! Kun tuna lokacin kullen korona a 2020? Kowa na gida, mata suna ta rawa gaban mazajensu ana ɗauka ana watsawa, malamai suna ta faɗa. Maƙociyata sai da mijinta ya ƙwace wayar kwana uku

'Yar Zariya: Na tuna mana. Waƙar ita bata da laifi, mutane ne da zaman gida ya ishe su

Direban Tirela: Ni abin da ke haɗa ni da na yanzu na'urar nan da suke sa wa murya, kowa muryarsa ta koma kamar ta aljani mai mura, mace da namiji baka bambancewa. A cire wutar situdiyo a miƙa masa makirfo a filin biki aji in zai kai minti goma. Ɗan Maraya fa gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya, shi kaɗai ba ɗan amshi, ya tsayar da taro cak. Waƙar Karen Mota har gobe in na saka yarona sai yayi shiru don yasan dashi ake.

Ɗan Maraɗi: Sannunku 'yan uwa, yanzu na shigo na tarar da saƙo sama da hamsin. Oga Direba wannan na'urar da kake zagi bari in baka labarinta ta wani gefen. Mdou Moctar, Buzun nan namu mai kaɗa gita da hannun hagu wanda yanzu yake yawon Amurka da Turai, faifansa na farko a Sakkwato yaje ya ɗauka a 2008, da irin wannan muryar ta waƙoƙin finafinan Hausa, da Tamashek yake rerawa. Ba kanti aka kai ba, daga salula zuwa salula ya yaɗu ta Bluetooth har Mali, a can wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙin cikin wayoyin mutane yaji shi ya nemo shi. Kenan abin da kuke rainawa a Kano shi ya fitar da wani duniya. Ni kam yanzu shi nake ji, shi da marigayi Sa'adu Bori in kewar gida ta taso.

Basakkwace: To ka ji, komi dai sai an biyo ta Sakkwato.

Auta: Baba kai ko zancen jirgin sama akeyi sai ka kai shi Sakkwato 😂

Ɗan Maraɗi: Kuma ku 'yan Najeriya kuna da wani hali, Fati Nijar tazo Kano tayi suna kun karɓe ta, amma in an tambaye ku mawaƙin Nijar guda uku da ke zaune a Nijar sai ku fara susar kai. Mu kuwa tun muna yara Rediyon Kaduna ake kamawa a gidanmu, duk makaɗanku mun san su. Ɗan Gurmu na Tawa fa? har gasar kiɗa ta ƙasa aka sa wa sunansa, wa ya taɓa jinsa a nan?

Malamin Firamare: Wannan ƙorafi naka gaskiya ne, mun karɓi laifi. Turo mana ko guda ɗaya.

Ɗan Maraɗi: Sai dare in rezo, wato netwok, ya yi kyau

Tsohon Ɗalibin Khartum: Ni nawa zai baku mamaki. Tun da yaƙin 2023 ya koro mu daga karatu na dawo gida, kunnena yaƙi barin waƙoƙin Sudan, Muhammad Wardi musamman, in na saka sai inji ƙamshin shayin matan nan masu sayarwa a bakin Nilu da yamma. Kuma abin da yawancinmu bamu sani ba, macen da ake cewa ita ta fara waƙa a gidan rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, Aisha Falatiya, jininmu ce, iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka tafi. Wata tsohuwa mai sayar mana da abinci ce ta fara gaya min, da Hausarta tsaf irin ta da, tace yaro ai 'yarmu ce.

Basakkwace: Auta, ka dai gani da idonka. Ban ce komi ba.

Auta: Na sallama Baba 🙌🏾

Maman Biyu: Tunda an zo zancen tsofaffin abubuwa bari in faɗi abin da ke damuna, ƙila wani yana da dabara. Da Babanmu ya rasu aka zo rabon kaya, ba wanda ya kula wata tsohuwar jakar fata a ƙarƙashin gadonsa sai ni na ɗauka. Kaset ne a ciki guda sittin da wani abu, kowanne ya rubuta suna da biro a jikin takardar, wasu da boko wasu da ajami, akwai Ɗanƙwairo, akwai Ɗan Anace da waƙarsa ta Shago ɗan dambe, akwai Garba Supa, akwai waɗanda shi da kansa ya ɗauka daga rediyo don kana jin muryar mai gabatarwa ta shigo kafin ya danna. Akwai ɗaya da ya ɗauka a wani biki a garinmu, Barmani ce da matanta suna dukan ƙwarya, kana jin guɗa kana jin hayaniyar yara, can cikin hayaniyar sai ga muryar Innarmu tana kiran sunana in zo in karɓi ƙanina. Ina da shekara shida ko bakwai lokacin. Sau ɗaya na saka a rediyon maƙota ta cinye zaren, da ƙyar na zaro shi na naɗe da biro na liƙa wurin da ya tsinke da jan farce. Tun ranar ban ƙara gigin sakawa ba, suna nan cikin jakar ina tsoron zafi da ƙura su gama dasu.

'Yar Zariya: Allah sarki Anti, wallahi sai da naji hawaye. Allah ya jiƙan Baba da Inna

Direban Tirela: Amin. Allah yasa Aljanna ce makoma.

Tela Mai Zare: Amin ya Allah. Hajiya kar ki sake saka shi a kowace rediyo sai an wanke kan da robar nan mai jan zare, ita ke cinyewa in tayi datti ko ta tsufa. Auduga da ɗan sipirit ake sa wa. Ina da rediyo mai kaset a gida tana aiki, bel ɗinta ne kawai ya saki.

Malamin Firamare: Kuma mayar da shi waya ba wuya. Waya ce siririya mai kai biyu, ɗaya a ramin iyafis na rediyon ɗaya a kwamfuta, a kunna kaset a danna ɗauka, sai dai haƙuri don kaset mai minti 90 sai an zauna masa minti 90 cur, ba a gaggauta shi. Abin da zan roƙa shine in an ɗauka a rubuta sunan kowace waƙa daidai yadda Baba ya rubuta. Don babbar ɓarnar da ake mana yanzu ba ɓacewar waƙoƙin bace kaɗai, sunayen ne suke rikicewa. Ka kai memori wurin masu turi kace a zuba maka tsofaffi, a cika maka shi da waƙa ɗari biyar, kazo gida ka tarar rabi sunansu Track 1 Track 2, sauran kuma duk mai kotso an rubuta Ɗanƙwairo, duk mai kalangu an rubuta Shata, duk mai kukuma Garba Supa. Yaron da ya tura ma bai sani ba, shima haka aka tura masa. Daga nan wani ya ɗora a YouTube da hoton wanda ba shi ba, shikenan ƙarya ta zauna.

Direban Tirela: Wannan ya faru dani. Shekara biyu ina jin wata waƙa a matsayin ta Shata, sai wani dattijo da na rage wa hanya daga Funtuwa yace ɗana wannan ba Alhaji bane, ko kusa. Naji kunya kamar in nutse, ni da nake cika baki.

Auta: Oga ashe kaima 😂😂 yau dai na samu abin rama wa yaron mota

Direban Tirela: Zan kama ka ne.

Basakkwace: Malam ya taɓo inda ke yi man ƙaiƙayi. An sha turo man Jankiɗi da sunan Narambaɗa, alhali ko kiɗan ba ɗaya ba, wancan taushi wanga kotso. In kun ɗauko na Hajiya ku turo man duk wanda babu suna, in dai na ƙasarmu na ko cikin barci ni ka gane shi. Wanda ya gagare ni akwai tsoho nan unguwarmu da ya yi zaman fada, sai in kai mai ya saurara.

'Yar Zariya: Kun ga yanzu da ba don wayar da TikTok ɗin da ake zagi ba ina za'a haɗa Baba a Sakkwato da kaset a Kano? Ni ta TikTok ma na fara jin Sani Sabulu, wani ya ɗora guntun waƙarsa akan bidiyon barkwanci naje na nemo cikakkiyar a Audiomack

Malamin Firamare: Ba musu. Sai dai guntun daƙiƙa talatin ɗin nan shi ne damuwata, yara suna ɗauka waƙar kenan, alhali mai ita sai yayi minti ashirin bai ma iso inda zai saki zambon ba.

Auta: Malam minti ashirin akan waƙa ɗaya? data fa tsada take

Maman Biyu: Kai da kake kwana kana kallon ƙwallo? 😏

Auta: Anti ba haka mukayi dake ba. To naji, a turo min Dokin Iskan nan guda ɗaya in gwada, amma Baba sai ka fassara min inda ban gane ba, kuma kaima sai ka saurari DJ AB guda ɗaya ka faɗi gaskiya

Basakkwace: Wane ne kuma haka nan?

'Yar Zariya: Ɗan Kaduna ne Baba, mai gambarar zamani, magana yake jerowa da sauri akan kiɗa

Basakkwace: Au, irin na 'yan gambara da 'yan kama. To ai wanga ba sabon abu ba ne, mun san su tun a kasuwar ƙauye. Turo shi, in ya iya habaici ni ka faɗi.

Wani Bawan Allah: Ni dai ina karanta ku tun ɗazu. Na daina jin kiɗa shekara uku kenan, karatun Minshawi ne a kunnena, amma ban zo hana kowa ba, addu'a nazo yi wa iyayen Hajiya. Allah ya gafarta musu. Muryar mahaifiya kam a adana ta.

Maman Biyu: Amin Malam, na gode ƙwarai. Yaya Tela yaushe zan kawo?

Tela Mai Zare: Asabar bayan la'asar in Allah ya kaimu, kafin nan na shiga Sabon Gari na nemo bel. Malam kai zaka zo da kwamfutar. A fara gwadawa da wani kaset ɗin da ba'a damu dashi ba, na bikin nan shi ne na ƙarshe sai mun tabbata rediyon bata ci. Ki duba min ma ko akwai Ɗan Maraya a jakar, tun rasuwarsa a 2015 nake neman wata tasa da nake ji a rediyo ina yaro, ko sunanta ban sani ba sai dai in naji.

Maman Biyu: Akwai guda biyu, ɗaya takardar ta goge ba'a ganin rubutun

Tela Mai Zare: To wannan gogaggen ki sa min shi a sama. Sun kawo wuta, bari in koma kan keke kafin su ɗauke, mai rigar nan tun jiya take kirana.

Ɗan Maraɗi: Ɗan Gurmu na nan tafe, ya tsaya a kashi 40, rezo ne